Yadda Za Ka Zama Gwanin Gem Ɗin Da Ba Ka Taɓa Bugawa Ba

Ka sayi gem, faifansa yana hannunka, sai kuma ka ji ƙishin-ƙishin cewa za a fito da rimasta ɗinsa. Yanzu zuciyarka ta rabu biyu: ka buga na hannu, ko ka jira mai zuwa? Kwantar da hankalinka, ka zo inda za a share maka hawaye. Duk wanda ya bi matakan nan sau da ƙafa, ga alkawari babu tangarɗa: zai yi suna a majalisa, za a riƙa kawo masa gardamar gem yana yanke hukunci, kuma har abada ba mahaluƙin da zai ga an kashe shi a allo, tunda ba zai taɓa kunnawa ba.

In ba ka sani ba, rimasta shi ne a ɗauko tsohon gem a yi masa wanka, a shafa masa mai, a goge hotunansa su yi ƙyalli, sannan a sake miƙo maka shi kana godiya. Labari bai canja ba. Dodon da ya cinye mutane bara shi ne zai cinye su bana, sai dai yanzu za su ga haƙoransa ɗaya bayan ɗaya.

Ba a koyon sana'a sai an kalli hannun gwani. Gwaninmu shi ne Taufiq, tela a Birnin Kudu, mai shago kusa da tasha, wanda ya kusa kaiwa ƙololuwar wannan fanni kafin ya ɓata rawarsa da tsalle. Inda ya yi daidai ka kwaikwaya. Inda ya zame ka kauce.

Mataki na ɗaya: Ka mallaki faifan tukuna

Jiran wanda ba shi da komai ba jira ba ne, rashi ne. Dole faifan ya kasance naka, yana cikin ledarsa, a inda baƙo zai gani.

Taufiq ya samo nasa a Kano, ranar da ya je saro zare da maɓallai. Sunan gem ɗin na Turanci doguwar magana ce, shi ya sa samarin gari suka raɗa masa Mai Fitila. Labarin wasu 'yan'uwa biyu ne da aka wayi gari an sace kogin garinsu, suka bi sawunsa cikin wani daji mai duhu, ɗaya riƙe da gatari, ɗaya riƙe da fitila. Mutum biyu ake so su buga, kowa da nasa abin latsawa, wanda 'yan gem ke kira hannu. In kai kaɗai ne, injin gem ɗin zai riƙe maka fitilar, amma riƙon ganin dama, irin na wanda aka taso daga barci.

Shi Taufiq yana da mai riƙe masa fitila tun kafin a ƙirƙiro gem ɗin. Salihu ne, taubashinsa, ɗan Gwaggo Batulu ta Fagam, manomin riɗi da gero. Tun suna yara, in Salihu ya zo hutu Birnin Kudu, tare suke silalewa gidan gem na bayan kasuwa, tare ake kamo su, tare ake zane su. Kowa a cikinsu yana kiran ɗan'uwansa bawansa, kuma har yau ba a tantance wane ne ubangidan ba. Tun a motar dawowa daga Kano Taufiq ya buga masa waya, suka ƙulla cewa ba wanda zai taɓa Mai Fitila sai suna tare, da zarar an kai amfanin gona gida. Don murna Salihu ya sa aka kawo masa nasa hannun, ja zur, ya rataye shi a ƙusa a ɗakinsa yana kallonsa safe da yamma.

Ka lura da wannan. Jira ya fi armashi in akwai wanda ake ja wa rai.

Mataki na biyu: Ka samo jita-jita, ka yi kiwonta

Kada ka nemi tabbaci. Jita-jita kamar 'yar akuya ce: ba a tambayarta asalinta, dusa ake ba ta.

Ana tsakiyar girbi Taufiq ya ci karo da tasa a waya. Wani mutum ne a bidiyo, baki buɗe, ido waje, yana cewa wani ya gaya wa wani cewa ana nan ana gyara Mai Fitila. Ba rana, ba wata, ba shekara. Taufiq ya kalla, ya maimaita, ya ɗago kai ya dubi sama. Daga ranar ya fara ciyar da 'yar akuyarsa da data kullum safe, kafin ya karya kumallo.

Da kaka ta ƙare sai ga Salihu a ƙofar shago, buhun riɗi a bayan babur, jan hannunsa yana leƙowa daga aljihu. Ya ce gero yana rumbu, riɗi ya shiga buhu, ba shi da wani aiki a duniya yanzu face ya haska wa bawansa hanya. Taufiq ya ba shi kujera, ya aika aka kawo shayi, ya gyara murya, sannan ya yi masa bayani mai tsawo kan cewa mutum sau ɗaya yake ganin abu a karon farko, don haka zunubi ne a ɓarnatar da wannan karon a kan hoto mai dishi-dishi.

"Kai ka taɓa ganin na miƙa wa mutum riga ban yi mata guga ba?" in ji shi.

"Na dai taɓa ganin ka hana mutum rigarsa ranar Sallah," in ji Salihu.

Suka yi dariya. Salihu ya sauke riɗin a gidan Taufiq, ya mai da hannunsa aljihu, ya koma Fagam. Ka ga amfanin zama tela ke nan: wanda ya shekara yana cewa "dawo gobe" ba ya jin nauyin kalmar a bakinsa. In kai ba tela ba ne, ka riƙa gwadawa a gaban madubi.

Mataki na uku: Ka koyi yaren manya

Haramun ne ka ce "ban buga ba." Cewa za ka yi, "ban yarda in buga shi a haka ba." Tsakanin maganganun nan biyu akwai tafiyar yini guda.

Kullum bayan la'asar samari sukan taru a bencin ƙofar shagon Taufiq. Cikinsu akwai Rabi'u mai gyaran waya, wanda ya buga Mai Fitila har ya gama, ya sake komawa farko. Wata rana Rabi'u yana nuna wa mutane wani wuri a gem ɗin cikin waya, yana ta zuzutawa. Taufiq ya leƙo, ya runtse ido ɗaya kamar mai zura zare a allura, ya ce a dubi inuwar itacen can, ba ta bin rana. Aka duba, aka ga kamar haka ne. Ya ce a dubi ruwan, ba ya nuna fuskar mai kallonsa. Ya girgiza kai, ya ce Allah sarki, duk sun ci tuwonsu gaya, shi kam zai jira miya.

Rabi'u, wanda shekaranjiya yake jin ba abin da ya taɓa yi masa daɗi kamar gem ɗin nan, ya fara jin kunyar daɗin da ya ji.

Daga nan likkafa ta ci gaba. Duk gardamar da ta tashi kan gem, ko na ƙwallo ne ko na mota, sai a ce a kai wa Tela. Shi kuwa yana taka keken ɗinki yana yanke hukunci, ba ya ko ɗago kai. Riƙe wannan hikima: wanda bai shiga kokawa ba, bayansa bai taɓa ƙasa ba.

Mataki na huɗu: Ka tsare kunnenka kamar budurwar gona a bakin burtali

Mai jira dukiyarsa ɗaya ce: bai san ƙarshen labari ba. Ranar da aka fasa masa ƙwai, jiransa ya zama na banza. Abin takaici, mutane suna da hancin gano inda dukiyar mutum take.

Rabi'u ne ya fara ganowa. Yana da kaftani a shagon wanda ya daɗe har yadin ya fara mantawa da mai shi. Wata yamma ya jingina da teburin yanka, ya ce cikin sanyin murya, "Ka san kogin nan da suke nema, ashe..." Taufiq ya taka keke da ƙarfi don ƙarar ta rufe maganar. Rabi'u ya jira har ƙafarsa ta gaji, ya ce shi ba ya son ɓata wa kowa, amma bakinsa yana ƙaiƙayi, kuma ba abin da ke kwantar da ƙaiƙayin sai sabon kaftani. Kafin magariba an ɗinke, an yi aiki a wuya, an goge, an ninke.

Labari ya bazu. Mutanen da ba su san ko gem ana ci ne ko ana sha ba suka riƙa zuwa shagon suna cewa, "Tela, kogin nan ashe..." Wani dattijo mai sayar da taki ya zo da kalmomin a birkice, ya ce, "Malam Taufiq, an ce in ce maka rafin nan ashe." Shi ma ya tafi da jamfarsa. A tarihin Birnin Kudu ba a taɓa yin telan da ya cika alkawari kamar Taufiq na wannan lokacin ba, kuma ba a taɓa yin wanda ya rame kamarsa ba.

A hanya ma bai tsira ba. Ranar da zai kai ankon biki Gwaram, ya shiga mota ya tarar da wasu ɗalibai biyu 'yan Zandam a kujerar baya suna musu kan Mai Fitila. Tun yana tari don ya rufe muryarsu har ya ji ɗaya ya ce, "To amma da suka isa ƙofar ƙarshe fa?" Taufiq ya bubbuga jikin mota ya ce direba ya tsaya, zai kama ruwa. Da ya sauka da ƙullin kayansa sai ya ce su tafi kawai, abin nasa mai ɗaukar lokaci ne. Haka ya taka cikin rana, ankon mata a ka, tsakanin duwatsu da gonakin da aka girbe, har wani mai babur ya tausaya masa. Ƙafarsa ta yi bororo, amma kunnensa bai ji komai ba.

Wannan shi ake kira riba.

Mataki na biyar: A gida, ka ba da umarni, kada ka yi bincike

Faifan yana bukatar wurin zama na mutunci. Taufiq ya ɗora nasa a kan injin gem ɗin, ƙarƙashin talabijin, ya lulluɓe su da ƙyallen da ya yi wa ado da kansa. Ya ce wa matarsa Raliya ta riƙa goge su kullum, kada ƙura ta hau. Raliya mace ce mai sanyin magana, tana yin kantun riɗi a gida tana ƙullawa a leda ana kai mata shaguna. Ta ce to.

Bayan wani lokaci sai wasu 'yan abubuwa suka fara faruwa. In ya dawo da yamma sai ya tarar batirin sola ya yi ƙasa, alhali rana ta yini tana dukan rufin. Miya takan ɗan makara. Raliya ta fara ƙorafin babban yatsanta yana ciwo. Wata rana ma ya ji tana wanke-wanke tana gunguna wani sauti da ya yi kama da kiɗan tallan Mai Fitila.

Taufiq ya yi abin da ya dace. Ya zargi batirin, ya sayo mata man zafi, ya kuma ji daɗi a ransa cewa Allah ya ba shi matar da ke son abin da yake so har tana haddace tallansa. Kai ma haka za ka yi. Bincike aikin marasa abin jira ne.

Mataki na shida: In an ɗaga rana, ka yi hamdala

Daga ƙarshe kamfanin ya fito ya ce eh, rimasta na tafe, ya sa lokaci. Lokacin ya matso, aka ɗaga. Ya sake matsowa, aka ce ana gyara gashin gemun mai gatari. Kowace ɗagawa Taufiq yakan shigo majalisa da fara'a, ya ce wannan ya nuna da gaske suke, sauri ya haifi nawa.

Damina ta sauka, Salihu ya koma gona. Duk da haka bai fasa tsokana ba. Yakan hau dutsen bayan gidansu inda sabis ke kamawa, ya bugo ya tambaya ko an gama yi wa amarya lalle. Yakan aiko da hoton jan hannunsa, gizo-gizo ya yi saƙa a kai. Da aka sake girbi ya sake zuwa, aka sake ba shi shayi da bayani, ya sake komawa.

Sai kuma ya daina tambaya.

A nan ne haɗarin yake, don haka ka buɗe ido. Tsokana ba ta kashe mai jira. Shiru ne ke kashe shi.

Wata safiya Salihu ya shigo shagon ba buhu, ba babur. Bai ce bawana ba. Ya zauna a kujera, ya ɗan yi wasa da almakashi, sannan ya ce sunansa ya fito a aikin soja. Ya daɗe yana nema bai faɗa wa kowa ba, don kada a yi masa dariya in bai samu ba. Za su tafi horo cikin 'yan kwanakin nan, bayan horo kuma sai inda aka jefa mutum, kuma kowa ya san irin wuraren da ake jefa sababbi a yanzu. Gonar ya bar wa ƙannensa. Gwaggo tun da ta ji ba ta cin abincin kirki.

Taufiq ya yi masa murna, ya yi addu'a, ya ce ashe bawansa zai zama bawan gwamnati. Salihu ya yi ɗan murmushi. Da zai tafi sai ya zaro jan hannun daga aljihu ya ajiye a kan teburin yanka, tsakanin alli da awo.

"Ajiye wannan," in ji shi. "In sabon ya fito, ka samu wani ya riƙe maka fitilar."

Ya fita. Taufiq ya bi bayansa da kallo har ya shige tasha. Ranar nan ya ɗinke bakin aljihun wata riga ruf, ya farke, ya sake ɗinkewa. Da Rabi'u ya zo da yamma ya ce, "Kogin nan ashe," Taufiq bai ko taka keke ba. Rabi'u ya ga fuskarsa, ya haɗiye sauran maganar.

Mataki na bakwai: Kada ka yi abin da Taufiq ya yi

Duk abin da ke ƙasa an kawo shi ne don gargaɗi.

Ana gobe Salihu zai tafi, Taufiq ya tashi da sassafe ya naɗe injin gem da faifai da hannaye biyu cikin zanin gado, ya ce wa Raliya ta shirya, za su Fagam sallama. Da ta ga abin da ke cikin zanin sai ta ce ko a bar shi a gida, hanya akwai gargada. Ya ce a'a. Tun daga Birnin Kudu har Gwaram, daga Gwaram har Fagam, idonta na kan zanin.

Sun tarar da Gwaggo Batulu a rumfar tsakar gida tana daka wa Salihu yaji, idonta ya yi ja, kuma ba barkono ne kaɗai ya jawo ba. Aka gaisa, aka sha fura. Sai Taufiq ya kwance zanin. Salihu ya dubi kayan, ya dubi taubashinsa, ya tashi ya fito da talabijin ɗinsa, ya aro ƙaramin janareta a maƙwabta aka ajiye a zaure.

Taufiq ya ɗaga faifan sama kamar mai raɗa suna, ya yi bismilla, ya yage ledar. Aka zura, aka kunna. Kiɗa ya tashi. Sai rubutu ya fito a allo yana tambaya ko za a ci gaba daga inda aka tsaya. A ƙasa an rubuta zango na ƙarshe, da sunan mai ajiyar: Hajiya Kantu.

Taufiq ya ce wannan kuskuren kamfani ne, irinsa ne ma rimasta zai gyara. Salihu ya sunkuya ya ɗauki yagaggiyar ledar, ya duba bakinta, ya shinshina. Warin kyandir take yi, kuma an liƙe ta tsaf, irin liƙin da ke kan kowane ƙullin kantu a shagunan Birnin Kudu. Ya fara dariya a zaune, ya ƙarasa ta a kwance a kan tabarma.

Raliya ta ja hijabi ta rufe rabin fuska.

"Cewa ka yi in riƙa gogewa, Malam," in ji ta. "Ƙurar nan kuwa har ciki take shiga."

Da aka matsa mata sai ta ce ita ma ba ta ga ƙarshen ba. Ta daɗe a tsaye a ƙofar ƙarshe, wadda ba ta buɗuwa sai mutum biyu sun taka duwatsu biyu a tare, shi kuwa injin ya ƙi takawa.

Taufiq ya haɗiye abin da ya haɗiye, ya ce a fara daga farko. Ya ɗauki gatari, Salihu ya ɗauki fitila. A nan ne duniya ta ga abin da hikimar jira ta daɗe tana rufewa. Alƙalin majalisa bai san gaba ba, bai san baya ba. Ya sare gadar da za su haye. Ya bi wata kaza da gudu har ya faɗa ƙaya. Dodon farko, wanda yara ke kashewa da ido a rufe, ya cinye shi, ya sake cinye shi, har aka daina lissafi. Fuskar mai gatarin kuwa kamar an sassaƙa ta da doya, inuwar itatuwa ba ta bin rana, ruwa ba ya nuna kowa, kuma babu wanda ya lura, har shi.

Gwaggo ta ajiye taɓarya ta matso. Ta tambaya wane ne wannan mai gatarin da ba ya jin magana. Aka ce Taufiq ne. Ta ce ai ta ga alama. Can da ya shige wani lungu mai duhu yana ta sara iska, ta dafa kafaɗar ɗanta.

"Haska masa mana," in ji ta. "Ɗan'uwanka ne."

Da Taufiq ya sake faɗawa ƙaya ta yi dariya har da riƙe ciki, kuma ƙannen Salihu suka leƙo daga ɗaki, don tun ranar da sunan ya fito ba su ji wannan muryar ba.

Aka tashi aka yi azahar, aka dawo. Aka yi la'asar, aka dawo. Rana ta karkata, su kuwa suna zango na uku, inda mai gatari ya rufta wata tsohuwar rijiya, yana jiran mai fitila ya nemo igiya. Salihu ya dubi inuwar katanga, ya ajiye hannunsa a cinya, ya ce ba komai, sun dai taɓa. Sannan ya ƙara da cewa, kamar da kansa yake magana, ya so a ce ya san ko sun samo kogin.

Taufiq ya dubi hannun da ke tafinsa. Ya tuna tafiyar da ya yi a rana da ankon mata a ka. Ya tuna kaftanin Rabi'u da jamfar mai taki. Sai ya adana wasansu a inda yake, ya buɗe na Hajiya Kantu, ya tashi ya miƙa wa Raliya hannun.

Ta noƙe, ta ce ita a gaban Gwaggo? Gwaggo ta ce ta karɓa, kunya ba ta buɗe ƙofa. Raliya ta gyara zama a tabarmarta, Salihu yana daga can gefe, suka nufi duwatsun nan biyu. Taufiq ya kai yatsunsa kusa da kunne, ya kuma dubi hanyar zaure. Sai ya sauke hannu, ya zauna kusa da Gwaggo, ya ja kwanon gyaɗa gabansa. Mai gem, mai inji, mai faifai, ya zama ɗan kallo a gem ɗinsa.

Ƙofa ta buɗe. Ba za a fasa maka ƙwai a nan ba, mu masu mutunci ne. Abin da kawai za a faɗa shi ne, da aka gama, Gwaggo ta goge ido da gefen mayafi ta ce hayaƙin janareta ne. Taufiq ma ya ce hayaƙin ne, ko da yake janaretan yana can zaure, iska kuma waje take kaɗa shi.

Salihu ya rako su bakin hanya inda za su samu motar Gwaram. Ya ƙi karɓar jan hannun, ya ce a can ba shi da ƙusar rataye shi. Suka tafa, suka riƙe hannun juna fiye da yadda suka saba.

"Ka fa bar ni a rijiya, bawana," in ji Taufiq.

"Zauna nan sai na dawo," in ji Salihu. "Ai ka iya jira."

Mataki na takwas: Ka auna asarar, ka ɗauki darasi

Rimasta ya fito daga baya. An ce gemun mai gatari har motsi yake yi in iska ta kaɗa. Samari suka rugo shagon don jin hukunci, suka tarar Tela bai ko kalli tallan ba. Ya ce shi yana da mutum a rijiya, ba ya jin zai iya fara wata tafiya. Raliya ta yi tayin jefa masa igiya, ya ce ta bari, ba ita ta bar shi a can ba.

Yanzu dubi yadda ya koma. Majalisa ta ji labarin kaza da ƙaya, gardamar gem ta koma wurin Rabi'u. Ba wanda ke iya tsorata shi da kogi, don haka ɗinkin mutane ya koma kwana a shago kamar da. Shi kuwa ya koma kiwon waya, ba don bidiyo ba, sai don kiran da kan shigo jefi-jefi daga baƙuwar lamba, inda kafin a yi sallama wata murya ke tambaya ko ruwan rijiyar da sanyi. Har yanzu jira yake yi, amma irin jiran da ba ya jawo wa mutum girma a benci, sai dai ya sa shi tsawaita addu'a bayan sallah. Kada Allah ya kai ka wannan matsayi.

Wanke hannu

Mai wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya biyo baya. In ka jira har injinka ya tsufa, ɓera ya ci wayarsa, kai da ɓeran. In ka ƙi jira ka kunna, aka ga dodon farko ya yi kalaci da kai a gaban gwaggonka, ba mu aike ka ba. Ba a karɓar ƙorafin bororon ƙafa, ko na kwastoman da ya gano lagonka, ko na matar da ta fi ka iya gatari. Wanda kuma ya karanta ya ga kamar a gyara wani wuri a cikin matakan nan, ya yi haƙuri kada ya yi aiki da su tukuna, ana nan ana goge su, za su fito da ƙyalli.